Uwar Sauro

"Ko ki fitar da su, ko ki fita tare da su!"

Muryar Direba ce ta ratso bango, har Tela ta ɗage ƙafa daga kan keken ɗinki. Bangon da ya raba ɗakinta da na maƙwabtan nan da shi da labule duk ɗaya ne. Ko tari suka yi, sai ta ji kamar ta ce sannu.

"Maigida, ka tsaya ka ji. Waɗannan ba su ɗauke da cuta. A keji aka haife su, kakanninsu ma a keji."

"Au, har kakanninsu kin sani? To ki gaishe min da dangin naki! Abin da ya kashe min 'ya, shi kika kwaso kika ajiye min a gindin gado kina shayarwa?"



Uwar Sauro ake ce wa matar Direba a gidan hayar, tun tana ɓata rai har ta koma amsawa. Da can ba ta aikin komai sai renon 'yarsu tilo. Zazzaɓin cizon sauro ya kama yarinyar, ya hau mata kai, ko zuwa asibiti ba a yi ba ta cika a kafaɗar uwar. Bayan an share makoki ne wasu mutanen jami'a suka shigo unguwar da dogayen takalma da ludaya, suna kwasar tsutsar sauro a kwatami. Kowa na yi musu dariya. Ita kuwa ta yafa mayafi ta bi su har bakin motarsu, ta ce a ba ta ko shara ce.

Sharar aka ba ta, daga baya wankin faranti. A hankali ta tsinci kanta a ɗakin sauro, wani ɗan ɗaki mai ɗumi da laima, babu taga, an jera kejin raga har sama. Ita ke barbaɗa wa tsutsa garin abincin kifi, ita ke jiƙa auduga da ruwan sukari. Amma macen sauro ba ta yin ƙwai sai ta sha jini, kuma ƙwan irin wannan ba ya ajiyuwa: aka yi fashi, zuriyar ta yanke. Ranar da na'urar ɗumama jini ta lalace, ɗalibai suka tsaya kallon juna. Ita ta naɗe hannun riga ta zura damtsenta cikin keji. Na'urar ba a sake gyara ta ba.

Tela ta san wannan damtsen fiye da mijin. Ita ke ɗinka mata riguna masu dogon hannu, kuma duk ranar awo sai ta kawar da kai daga fatar nan da ta yi kaushi kamar bayan kada.

"Yaya, wai ba ƙaiƙayi?"

"Da farko ne. Yanzu in ba su cije ni ba ma sai in ji kamar ban karya ba."

Mutanen gida sun ce fansa take nema, tana kiwon maƙiyi don a gano makasarsa. Ita ma haka take faɗa: "Farfesan da nake wa aiki ya ce an kusa." Tela ba ta taɓa yarda ba. Ta ga fuskar matar in tana labarin kejin nan, irin fuskar mai jego ce. Tun da aka binne yarinyar, babu wani mai rai da ya sake jin yunwar jikinta sai su. Direba ma, a ganin Tela, ba cutar yake tsoro ba. Ranar da jikin yarinyar ya rikice, cewa ya yi bari ya sauke fasinja ya dawo. Bai dawo da wuri ba. Mutumin da ke ɗauke da wannan ba zai iya kwana da kukan sauro a gindin gadonsa ba.

Ba a kusa ba kuwa. Farfesa ya samu aiki a wata ƙasa, ɗalibai suka karɓi digirinsu suka watse, masu ɗaukar nauyin binciken suka koma kan wata cutar da ta fi tashe. Aka ce mata ta zuba kejin duka a firiza su mutu, za a mayar da ɗakin ma'ajiyar kujeru. Ta zuba, ta rage ɗaya.

Tela na cikin wannan tunani aka ƙwanƙwasa mata ƙofa. Uwar Sauro ce, da jakar kaya a kafaɗa, ta rungume keji an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul.

"Ƙanwata, ki ajiye min su a bayan kekenki. Kullum zan zo in ba su da kaina. In sun bar ɗakin, zai huce."

Tela ta yarda ba su da cuta. Amma ta tuna gobe da safe ita za ta haɗu da Direba a bakin famfo, kuma shi ke kai mata ɗinki kasuwa.

"Yaya, kin san ina da yara."

Matar ta gyaɗa kai, kamar dama amsar da ta zo karɓa ke nan. Ta gyara riƙon kejin ta nufi ƙofar gida. Tela ta bi ta ba takalmi.

"Yanzu saboda Allah aurenki za ki bari a kan ƙwari? Farfesan zai dawo ne?"

"Ba zai dawo ba."

"To wa kike yi wa kiwon?"

Ta tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a titi.

"Ba wanda zai zo ya karɓe su, Tela, ni ma na sani. Amma in na kashe su yau, gobe da safe me zan tashi in yi?"