Hezekiah da Kwamfutocin Alhaji Sajo

Hezekiah mai gyara bai iya ganin abu a rufe ya wuce ba. Tun yana yaro, lokacin da aikin gwamnati ya kawo babansa Gumel daga Pankshin, ya kwance rediyon gidansu don ya ga masu magana a ciki, ya sha duka, bai daddara ba. Da ya girma sai ya kama gyaran tafireta. Kwamfuta na shigowa ya tafi Kano ya koyo ta, ya dawo yana cewa ya iya. To, ya iya ɗin, amma wa ke da ita a lokacin? A shekarar 1998, daga Gumel har Maigatari, in ka cire ofisoshin gwamnati, sai ofishin Alhaji Sajo mai fataucin riɗi a Maigatari.

Kwamfutocin uku ne. Babbar tana ɗakin Alhaji, ita ke riƙe da duk takardun fitar da kaya, ƙananan biyu kuma suna waje wurin Dinah mai buga takardu, suna ɗauko aiki daga cikinta ta waya. Lafiya lau ake zaune sai Hezekiah, da kankambarsa, ya lallashi Alhaji aka sa musu sabon tsari.

Washegari ƙananan suka daina ganin babbar. Aka aika Gumel, ya hau babur ya iso da hantsi, ya kashe ya kunna, abu ya tashi garau. Gari na wayewa, haka. Ya canza waya, ya hure ƙura, ya sake tsarin tun daga farko, a banza. Abin haushin, da ya taɓa sai ta gyaru, da ya juya baya ta kwana sai ta koma gidan jiya.

Ranar Alhamis, kasuwar Maigatari na ci, direbobi sun cika ofis suna jiran takarda, Alhaji ya dube shi ya ce, "Kai Hezekiah, ciwon da ba ya jin hannun kowa sai naka, anya ba kai ke sa shi ba don a riƙa kiranka?"

Wallahi maganar ta soke shi. Mai gyara in aka ce yana ɓata kayan mutane da gangan, ai ya gama yawo, ko tafireta ba wanda zai ƙara miƙa masa. Amma ko a cikin ɓacin ran, abin da ke cin sa daban ne: me ke faruwa a ofishin nan da safe, kafin ya zo?

Sai ya yi sammako ya zauna a benci, ya ce wa Dinah, "Yi yadda kika saba, kamar ba na nan."

Ta sa aka tayar da janareta, ta yaye ƙyallen da ke kan ƙananan, ta kunna su.

"Babbar fa?"

"Haba Oga Hezekiah, ɗakin Alhaji? Ko 'ya'yansa ba sa shiga sai yana nan. Shi ke kunna abarsa in ya zo. Tun da can haka muke yi."

Can sai ga Alhaji, ya buɗe ɗaki ya kunna. Ƙananan ko gezau. Hezekiah ya kashe ɗaya ya kunna, nan take ta ga babbar. Ya saki wata dariya har Dinah ta tsorata. Ashe tsohon tsari naci gare shi, yana ta neman babbar har ta amsa. Sabon kuwa sau ɗaya yake sallama lokacin kunnawa, in ya ji shiru ya haƙura ke nan.

Ya yi wa Alhaji bayani, ya ce, "Ranka ya daɗe, ko dai ka riga Dinah zuwa, ko ka ba da mabuɗi."

"Mabuɗin ɗakina? A'a. Dinah ta jira ni, in na kunna ta kunna."

Hezekiah ya ɗauki jakarsa zai fita, Alhaji ya ce ya dakata. Ya aika tasha aka kira direbobin da suka ji maganar ranar Alhamis, suka shigo suna raba ido. Tsohon ya miƙe tsaye.

"A gabanku na zargi mutumin nan, kuma ban yi daidai ba. Hezekiah, ka yafe mini."

Hezekiah, mai bakin da ba ya mutuwa, sai ya durƙusa yana ta gyara igiyar takalminsa, don kada direbobi su ga idonsa.