Lasifikar Kawu Ba Ta Zuwa Walima

Jiya ƙanena ya zo aron 'yar lasifikar da Kawu ya bar mini, wai zai jona ta da wata ƙatuwar amfilifaya da ya ɗauko haya a Bakura don walimar 'yarsa. Na ce ya ɗauki babur ɗina, har da ni a kai, amma wannan ba ta fita.

Ranar da na fara ganinta a shagon Kawu na gyaran rediyo, dariya ta kusa kayar da ni daga benci. Baki ɗaya tak gare ta, bai kai murfin kwano ba, cikin akwatin katakon da ya ƙera da hannunsa. Shagon na ta warin dalma.

Kawu ya ce, "Mi kaka yi ma dariya, ɗan nan? Zamna."

Amfilifaya uku ya gwada mata. Ya ture manyan biyu, ya ce tsawa suke mata. Ya jona ƙaramar, ya sa kaset ɗin karatu. Wallahi sai da na waiga in gaida malamin, don numfashinsa nake ji a ƙeyata.

Kawu ya ce, "Ba a yi mata ƙarfi. Lallaɓa ta akai."

Jiyan dai ƙanena ya tafi yana cewa na fifita akwati a kan zumunci. Ya yi ta faɗa. In ta ƙone, wa zai ƙera mini wata?

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya sanyaya makwancinka, ya jiyar da kai muryar da ta fi wannan daɗi.