Yadda Gwiwoyin Surukin Kawu Suka Warke

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya haura shekara ashirin yana liƙin roba a ƙarƙashin matakalar wani bene. Kayan aikinsa ba su cika leda ba: tsohuwar wuƙa da yake gasawa a garwashi, guntayen waya, sai hancinsa. In ka kawo masa fasasshen bokiti, sai ya ɓalli ɗan mitsitsi ya ƙona ya shinshina, ido a lumshe kamar mai zaɓen turare. Dokarsa ɗaya ce, roba ba ta kamawa sai da irinta. Ka narka ta bokiti a jikin kujera, yau ta yi kyau, gobe ta ɓare ta zubar da kai.

Kowa ya yarda da hannunsa, ban da surukinsa. Tsohon ma'aikacin ofis ne, kuma bai taɓa huce takaicin 'yarsa ta auri mai ƙona roba ba, alhali ƙanwarta ta samu mai zuwa aiki da takalmi sau-ciki. Abu ɗaya tak ya taɓa nema wurin Kawu: gyaran farar kujerar robar da aka ba shi ranar ritaya, wadda ta tsage. Zancen sabuwa kuwa, kada ma a soma.

Kawu ya shinshina kujera, ya zagaye masu tsofaffin robobi, bai sami irinta ba. Ya koma ya ce ya kasa? A gaban wannan tsoho? Sai ya yanko ɗan siriri daga ƙasan ƙafa ɗaya, ya rage sauran ukun don su daidaita, ya narka abin da ya tara ya cike tsagar. Tsoho ya zauna, ya jijjiga, ya ce, "Ba laifi." Mako guda Kawu ya yi yana ba mutane labarin wannan ba laifin.

To, tsoho da jiki, kujera da shekaru. Sau biyu a shekara take tsagewa, kuma duk gyara da ƙafafunta take biya. Cikin shekara shida ta ragu da kusan taƙi guda, ba wanda ya lura. Tsoho dai ya ga in ya zauna ba ya tashi sai an kama shi, ya ɗora wa gwiwoyinsa laifi. Aka yi asibiti, aka ɗauki hoto, likita ya hana shi nama. Mai takalmi sau-ciki ya dawo daga tafiya da wani man shafawa mai rubutun da ba wanda ya iya karantawa. Kawu yana gefe yana ramewa. Ni kaɗai ya gaya wa gaskiya, kuma na ji tausayinsa, ko da yake sai da na yi dariya.

Kwana huɗu ya rufe wurin aikinsa yana tonon bola a bayan gari, har ya samo 'yar'uwar kujerar da karyayyen baya. Ranar da aka kai tsoho ganin likita, ya ɗauke kujera ya ƙara wa kowace ƙafa tsayinta, ya binne waya a ciki, ya goge, ya shafa ƙura don launi ya zo ɗaya. Na bi da yatsa sau uku ban ji mahaɗin ba. Bai taɓa yin aiki kamar wannan ba.

Tsoho ya dawo ya zauna, ya miƙe da kansa. Ya sake zama, ya sake miƙewa. Nan take ya sa aka tara gida, ya ɗaga kwalbar man, ya yi ta shi wa mai takalmi albarka. Kawu ya buɗe baki, ya tuna in ya faɗi na yau sai ya faɗi na shekara shida, ya rufe.

Tsoho ya juyo ya dube shi.

"Ka gani ko? Shi da ya yi karatu, kwalba ɗaya ya kawo. Kai shekara shida kana shige da fice a gidan nan, ko sannu da ƙafa ba ka iya ba."

Kawu ya ce, "A yi haƙuri, Baba."