Giyar da Ta Ƙi Shiga a Hannuna

Ni mutum ne mai zargi, ban taɓa ɓoyewa ba. Wanda ya daɗe yana dillancin shanu dole idonsa ya buɗe, tunda har saniya sai an cika mata ciki da ruwa kafin a kawo ta kasuwa. Da wannan halin na sayi wata tsohuwar mota mai giyar hannu, na miƙa wa ƙanina makullinta. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, kuma da motar yake ciyar da su, yana jigilar fasinja tsakanin Daura da Zango. Ni sai ranar Juma'a nake karɓarta, da Lahadi in zan je kasuwar Mai'adua.

Wata Juma'a na shiga, na taka kuloci, na tura lamba ɗaya, ta ƙi. Na ƙara ƙarfi, ta shiga da wata ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Ribas kuwa sai da na sa hannu biyu. Da yamma na tambayi ƙanina, ya ce shi a wurinsa lafiya lau take. Ya shiga a gabana, ya saka giyar da yatsu biyu, ta wuce sumul. Wani da sai hankalinsa ya kwanta. Ni abin da na ce a raina shi ne, ashe har ya san yadda ake lallaɓa ɓarnar da ya yi.

Daga nan na fara bin diddigi. Na ga yashi a ƙarƙashin kujera. To Daura ina ne babu yashi? Ban tsaya wannan tunanin ba. Wani a kasuwa ya ce ya ga mota irin tawa wajen Kongolam, can bakin iyaka, alhali irinta sun cika hanyar. Shi ke nan na haɗa labarina: lodi yake yi mata yana ƙetara iyaka ta hanyar daji, a can cikin yashi ya ƙone min kuloci.

Na kai ta wurin wani dattijon makanike da ke bayan tasha. Ya kashe inji, ya bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, duk suka shiga. Ya ce tunda haka ne, sandar giya da haɗinta lafiyarsu ƙalau. In kuma sai inji na aiki take gardama, to kulocin ne ba ya raba inji da giya. Ya duba man kuloci, a cike yake, ba ya yoyo. Ya kwanta ƙasa ya duba man giya, ya zagaya gari da motar, ya dawo ya ce shi bai ga komai ba. Na yi murmushi kawai. Ai na sha ganinsu shi da ƙanina suna cin shinkafa da wake a kwano ɗaya.

Lahadin da ta biyo baya giyar ta ƙi shiga a bakin kasuwa, gaban abokan dillancina, babbar motar shanu a bayana tana ta hon. Raina ya ɓaci matuƙa. Washegari da hantsi na nufi tasha. Ƙanina ya gama lodin fasinja ke nan, na zura hannu ta taga na zare makulli.

Na ce, "Ba don fasa-ƙwauri na ba ka mota ba. Maci amana kawai."

Direbobi da 'yan kamasho duk suna ji. Ƙanina ya buɗe ƙofa. Ya fito, ya taya wata tsohuwa sauke buhunta, ya nema mata wata motar.

Na wuce gareji na ce wa dattijon ya sauke giyabos, wato akwatin giya, gaba ɗaya, in ga abin da suke ɓoye min. Ya ce ba zai kwance ko noti ɗaya ba sai ya ga yadda nake tuƙi. Na shiga ina huci, na tattare babbar riga, na tuɓe takalma na tura su gaba da ƙafa kamar kullum, domin wanda ya koya min mota ya ce ƙafa a sake take jin aiki. Na taka kuloci.

Ya ce, "Alhaji, ɗaga ƙafarka."

Ya sunkuya ya zaro takalmina na hagu daga ƙarƙashin matakin kuloci. Sabo ne, na fata, mai kaurin ƙasa, wata guda da saye. Shi ke tare matakin a rabin hanya. Na sha jin matakin yana tsayawa da wuri, amma na sa shi cikin laifin ƙanina. Shi kuwa da takalmansa a ƙafa yake tuƙi, dattijon ma haka. Kunya ta rufe ni, ko godiya ban iya yi ba.

Bayan la'asar na sami ƙanina a ƙofar gidansa. Na faɗa masa komai, na ba shi haƙuri, na miƙa makulli. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya saba, amma hannunsa bai motsa ba.

Ya ce, "Na yafe, Yaya. Amma yau da rana babbar 'yata ta tambaye ni ko gaskiya ne abin da ake faɗa a tasha."

Yanzu motar wani yake ja, Daura zuwa Kano, sai ya kwana uku iyalinsa ba su gan shi ba. In na hango shi a ƙafa na tsaya in rage masa hanya, sai ya ce ya gode, ai ya kusa.