Rahajin da Ba Sa Cin Ciyawa

A lokacin da abin nan ya faru ni tuzuru ne mai shekara talatin da 'yan kai, haifaffen Gwandu, amma ina zaune a Kalgo inda nake da ɗan shagon gyaran rediyo da amfilifaya. Rabin lasifikokin masallatan unguwarmu ta hannuna suka bi, don haka jama'a na ganin girmana, ni ma ina ɗan jin kaina. Ba ni da yawan surutu, ba na zaman majalisa, kuma akwai abu guda da na ɓoye wa dangina tamkar wani abin kunya: ina son jita mai aiki da lantarki, so irin wanda ba ya jin kira. Na rubuto muku ne don mai irin ciwona ya ji yadda ɓoyon ya kusa raba ni da matar da nake so, da kuma yadda Allah Ya fid da ni kunya.

Ba kowace jita ce ke ɗauke mini hankali ba. Akwai wata tsohuwar ƙira da aka yi tun zamanin iyayenmu suna samari, ja ce wur, jikinta siriri mara nauyi, kuma a kafaɗunta akwai wasu ƙahoni biyu masu tsini. Na fara ganinta ne a hannun wani dattijo da ya taɓa kiɗa a wani otal a Sakkwato, ya kawo mini amfilifayarsa gyara. Da na gama, sai ya jona ta don ya gwada, ya ja tsirkiya ɗaya kawai. Wallahi sai da na ajiye abin da ke hannuna. Murya ce mai kauri, mai ɗan gurnani a ƙasanta, kuma ba ta mutuwa da wuri, sai ta yi ta tafiya har ka gaji da jira. Dattijon ya ga yadda na yi tsuru, ya yi dariya ya ce na kamu. Kafin ya rasu ni ya bar wa ita, don 'ya'yansa ba wanda ya damu. Wanda bai sani ba zai ce ai sababbi sun cika kasuwa, masu ƙyalli, kamarsu ɗaya. Kama dai ta ido ce. Katakon tsohuwar ya shekara da shekaru yana bushewa, wayar da aka naɗe a kan maganaɗisun da ke ɗaukar sautinta ba irin ta yanzu ba ce, sannan a bayan wuyanta akwai inda fenti ya goge saboda tafin hannun wani mutum da ba ka taɓa gani ba. Idan ka riƙe wurin sai ka ji kamar kun gaisa.

Mu masu wannan haukar ba mu da yawa, ɗaiɗai ne a Birnin Kebbi da Jega, sai wasu a tsallaken iyaka wajen Gaya da Dosso. A tsakaninmu ba ma kiran wannan ƙira da sunan kamfaninta, Rahaji muke ce mata, sunan jajayen shanun nan na Fulani masu dogon ƙaho, saboda launinta da ƙahoninta. Sunan ya yi mini daɗi ƙwarai don ya zame mini mafaka. Gwandu garin malamai ne, gidanmu kuma gidan karatu, kuma a wurin mutanenmu duk wanda ya riƙe abin kiɗa maroƙi ne, ko da bai taɓa tsayawa a ƙofar kowa ba. Saboda haka idan na je gida aka kira ni a waya, sai in saki baki in yi ta zancen Rahaji ba fargaba. A hankali na tara uku. Ranar da ta ukun ta samu ina tsakar gidanmu a Gwandu, ina ta ba wani abokina labari da murna cewa na samo wata daga Gaya, ta ɗan manyanta amma wuyanta a miƙe yake, ƙahoninta lafiya lau, sai ɗan tabo a ciki, muryarta kuwa sai wanda ya ji. Gwaggona, ƙanwar mahaifina wadda ta riƙe ni bayan rasuwar iyayena, tana gefe tana tsince shinkafa. Na ga ta ɗago ta dube ni tana murmushi, ta sa mini albarka, ta ce ashe yaron nata ya yi hankali. Ban tambaye ta dalili ba.

Ana nan sai na haɗu da wata malamar firamare da aka turo aiki Kalgo, ɗiyar Fulanin da ke zaune a wajen Maruda. Ita kam ban ɓoye mata komai ba, har ta kan tsokane ni cewa da kishiyoyin katako za ta zauna. Mahaifinta ya rasu, baffanta ne waliyyinta, dattijo mai kiwo wanda aka sani da tsare magana ɗaya. Da lokacin kai gaisuwa ya yi, Gwaggo ta shiga cikin matan da suka je. Ban san abin da ya gudana a can ba sai daga baya. Ashe da aka fara tambayar sana'ata, aka ɗan yatsina fuska da jin gyaran rediyo, sai Gwaggo ta gyara zama ta ce kada a raina mata ɗa, yana da Rahaji uku a Kalgo, da kunnenta ta ji, kuma ɗaya daga ciki zai ba da sadaki. Magana ta isa kunnen Baffa, ya ji daɗi har ya maimaita ta a gaban mutane, don shi ma Rahaji yake kiwo tun na kakanni, alhali maƙwabtansa duk sun koma kiwon farare.

Wata safiya ina shago sai ga Baffa ya sauka daga kan babur, da malafarsa da sandarsa, riƙe da ƙunshin kanwa a leda. Bayan mun gaisa ya ce ya shigo gari ne, ya ga bai kamata ya wuce bai ga dabbobin ba, ga 'yar kanwa ya kawo musu su lasa. Na ce waɗanne dabbobi. Ya ce Rahajin mana. A nan ne murmushin Gwaggo ya faɗo mini a rai. Na rasa ta inda zan fara, sai kawai na ja shi zuwa ɗakina na buɗe ƙofa, ga su nan uku a jere a jikin bango. Na ce masa su ne. Ya daɗe yana kallonsu, ya juyo ya kalle ni. Ya ajiye kanwar a bakin ƙofa ya fita, ko rakiyar da na yi masa bai waiwayo ba.

Kafin mako ya zagayo an dawo mana da kayan gaisuwa. Labari ya cika Gwandu da Kalgo cewa ni maƙaryaci ne, na yi wa Fulani alfahari da shanun da ba ni da su, kuma ashe maroƙi ne a ɓoye. Wani masallaci ya aiko aka karɓe amfilifayarsa ban ko gama gyara ba. Gwaggo ta yi kuka har idonta ya kumbura, tana cewa na kunyata ta a gaban surukai, wane mai hankali ne zai raɗa wa allon katako sunan saniya. Na ji zafi sosai, don ban yi wa kowa ƙarya ba, amma ba wanda zai yarda. Wasu abokai suka ba ni shawara in sayar da jitocin a ɓoye in sayi shanu, in ce da ma suna wurin kiwo ne, dattijon bai fahimce ni ba. Na ƙi, don hakan shi ne zai mai da ni maƙaryacin gaske. Abin da na yanke shi ne in sayar da ta farkon, ta marigayi, wadda wani mutumin Yamai ya daɗe yana roƙona, in sayi saniya guda in kai, ko a karɓa ko a ƙi. Ranar da na yanke wannan shawara abinci bai shiga bakina ba. Da malamar ta ji, sai ta aiko mini cewa kada in sayar da komai tukuna, baffanta ba mutum ne da ake lallashi da kaya ba, in je in same shi ido da ido, kuma in tafi da su duka.

Na ari motar wani abokina, na ɗauki jitocin da wata ƙaramar amfilifaya mai batir, na isa rugar da hantsi ana gama tatsa. Baffa ya amsa sallamata a daƙile, ya bar ni a tsugune ya ci gaba da duba ƙafar wani maraƙi. Da ya gama ya tambaye ni me ya kawo ni. Na ba shi labari tun daga dattijon nan mai jita har zuwa shinkafar Gwaggo, ban rage komai ba. Ya tambaye ni ko ina bin ƙofofin mutane da su ana ba ni, na ce ban taɓa ba, a ɗakina nake kaɗawa. Ya ce to in haka ne me zan yi da uku, tunda hannuna biyu ne kuma duk kamarsu ɗaya. Na ce Baffa ya yi mini haƙuri, ni ma da na shigo na ga shanunsa duk ja ne masu ƙaho, amma na tabbata a wurinsa ba ɗaya suke ba. Ya ɗan harare ni. Na ce kowace da muryarta da tarihinta: ta marigayi mai gurnani ce, ta biyun da na samo a Jega muryarta a buɗe take, ta Gaya kuma tana da ɗan kuka a ƙarshen sautinta. Sai ya ce shi yakan gane kukan kowace saniyarsa ko yana cikin bukka, kuma wanda ya ce ya san dabba bai san muryarta ba maƙaryaci ne. In gaskiya nake faɗi in juya in fuskanci danga.

Na nuna masa yadda ake jona waya, na juya baya. Matan gida suka leƙo, makiyaya suka matso. Ya sa babban yatsansa mai kaushi ya ja tsirkiya, na ce ta Jega ce. Ya cire wayar ya jona wata, ya ja, na ce ta marigayi. Ya sake yin motsi kamar ya canza, ya ja, na saurara da kyau na ce Baffa bai canza ba, ita ce dai. Sai na ji dariya ta ƙwace masa, irin wadda mutum bai shirya ba. Ya yi ta jarraba ni har ya gaji, ban kuskure ko sau ɗaya ba. Ya ce in juyo. Ya dubi mutanen da ke wurin ya ce wannan yaro bai yi ƙarya ba, makiyayi ne, garkensa ne dai Allah Ya yi da itace. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Amma ya ce maganar da ya faɗa a gaban jama'a ba za ta faɗi ƙasa ba, sadakin ɗiyarsu Rahaji ce mai numfashi. Na ce na riga na shirya, zan sayar da ta marigayi, mai saye yana jira. Ya tambaye ni wacce ce ta fara shigowa hannuna, na ce ita. Nan ya ɓata rai fiye da ranar kanwa. Ya ce ita ce uwar garke, kuma ba a fitar da uwar garke kasuwa, mutumin da zai iya rabuwa da ita don biyan buƙata wata rana zai iya rabuwa da komai. In dole ne a rage, ta baya-bayan nan ake ragewa. Haka aka yi. Na sallama ta Gaya, na ji ciwon rabuwa da ita ba kaɗan ba, amma ta kawo mini jar karsana mai kyau. Da kansa Baffa ya je Gwandu ya ba Gwaggo haƙuri, ya faɗa a zauren gidanmu cewa ya bincika bai same ni da ƙarya ba. Aka ɗaura aure bayan an kawar da amfanin gona, masallacin da ya karɓe amfilifayarsa kuma ya dawo mini da ita ba ko gyaran murya. Yau karsanar ta zama uwa, uwargida kuma ba ta gajiya da yi mini gori cewa nata Rahajin suna haihuwa, nawa kuwa ƙura kawai suke tarawa.

Abin da na koya shi ne, duk wanda ka ga ya rungumi wani tsohon abu yana tattalinsa, kada ka yi saurin ce masa mahaukaci, tambaye shi me yake ji a ciki. Ku kuma 'yan'uwana masu tara irin waɗannan kaya, ina jan kunnenku. In kun san abin da kuke so ba sata ba ne, ba cutar kowa kuke yi ba, ku kira shi da sunansa a gaban iyayenku, ku sha faɗan lokaci guda a wuce wurin. Na ɓata shekaru ina tsoron mutanena ba za su fahimce ni ba, ashe wanda zai fi kowa gane ni dattijo ne da bai taɓa riƙe jita ba sai ranar. Jita ba ta yi mini komai ba. Ɓoyon da na yi ne ya kusa raba ni da matata.