Hotunan Ɗinkin Wasila

Wasila tela ce a garin Kudan, shagonta na jikin zauren gidansu. Duk kayan da ta ɗinka sai ta ɗauki hoton mai shi sanye da su, har hotuna suka cika mata waya. Mace ta ce tana son irin wuyan rigar wance, sai Wasila ta yi ta lalube, shinkafarta na ƙonewa a murhu.

Wani hutun damina ƙanwarta Samira, mai karatun kwamfuta a Zariya, ta kawo mata tsohuwar kwamfutarta. A ciki akwai gajerun misalai na rubutun da ake ba kwamfuta umarni da shi.

"Yaya, ba sai kin haddace ba," in ji Samira. "Ki ɗauki misali ɗaya, ki canza layi ɗaya, ki ga abin da zai faru. Amma ki fara kwafe hotunanki a wani wuri."

Gara da ta kwafe. Gwajin farko, Wasila ta ba hotunan duka suna ɗaya, kowanne ya hau kan ɗan'uwansa, aka tashi da hoto guda tak, na wata tsohuwa da ɗaurin ɗankwali a karkace. Ita da Samira suka yi ta dariya har da hawaye. Kafin Samira ta koma makaranta, Wasila ta gyara misalin, yana ware mata atamfa daban, leshi daban, kayan amare daban.

Abin ya shiga ranta. Ta ɗauko misalin da ke haɗa kwamfuta da waya, ta yi ta fama da shi tsakanin ɗinki da girki. Da ya yi aiki, duk matar da ta shigo shagon sai ta zauna a tabarma tana zaɓen ɗinki a tata wayar.

Rannan mijinta, Malam Uwaisu, ya leƙo daga zaure da waya a hannu.

"Maman Yahya, wannan ba amaryar nan ta garin Likoro ba ce? Ga ta nan ta fito a wayata."

Wasila ta duba, ga amaryar kuwa. Ashe duk wanda ke kusa da shagon zai iya ganin matan mutane. Ta kashe kwamfutar, ta kira Samira, ita kuma ta nuna mata misalin sanya kalmar sirri. Wannan ya fi sauran wahala, amma kafin a yanke dawa ta gama, ta kuma yanke fuskoki daga hotunan.

Malam Uwaisu ya sake gwadawa, waya ta ƙi.

"Ni ma an rufe min ƙofa ke nan?"

"Malam, in kana son wuyan riga, ka shigo ka zauna a tabarma."

Ya tafi yana dariya. Yanzu har daga Taba da Makarfi mata ke zuwa, wasu ɗinki, wasu kuma su zauna kusa da ita ta nuna musu yadda ake canza layi ɗaya.