Kunnen Hagu na Babanmu

Babanmu gyaran amfilifaya yake yi, wato akwatin ƙara sauti, irin tsofaffin nan masu kwalabe a ciki, waɗanda masu kaɗa jita ke mutuwa a kansu. Kwalaben kamar ƙwan fitila suke, idan suka ɗau zafi sai su yi ja, daga nan sautin ke samun zaƙinsa. Shekara talatin da ɗoriya yana wannan aiki a ɗan shagonsa, har sunansa ya ɓace, kowa Likita yake ce masa. Ni ce babbar 'yarsa, shagon ɗinkina yana kallon nasa, don haka ba labari aka ba ni ba.

Yana da dokoki uku da ba ya sauyawa. Idan zai taɓa cikin akwati, hannu ɗaya ne a aljihu, saboda wutar da ke kwance a ciki ko an cire waya tana iya jefar da ƙato. Idan yana neman kwalbar da ta gaji, da gindin fensir yake ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, ya karkata kai yana saurare. Kuma duk kwalbar da ya cire ba ya yar da ita. Sai ya naɗe ta a takarda, ya rubuta mai ita da ranar, ya ajiye a wani tsohon akwatin takalmi. Mahaifiyarmu ta sha cewa wata rana akwatunan nan za su kore mu daga gida.

Akwai abin da mu kaɗai muka sani a gida. Kunnensa na hagu ya mutu tun shekara biyar da suka wuce. Na dama kuwa garau yake, ya fi nawa biyun. Amma mai gyaran sauti idan aka ce kurma ne, ai sai ya rufe shago. Don haka muka yi gum.

Sai ga Ɗan Kwalisa. Mai jita ne, gwani ƙwarai, wannan ba zan hana shi ba, amma girman kai kamar shi ya ƙera waƙa. Ya ajiye akwatinsa a kan tebur ya ce, "Likita, sautina ya tafi. Da can idan na taɓa waya ɗaya sai mutane su yi shiru. Yanzu kamar ina kiɗa a cikin gwangwani."

Baba bai yi gaggawa ba. Ya fara sauya wayar jita, ya gwada wata sifika, ya goge ramukan da suka yi tsatsa, duk abu na nan yadda yake. Sai ya ɗauko fensir. Ƙaramar kwalba ta farko da ya taɓa, sifika ta amsa da ƙara mai kaifi. Manyan biyu na baya kuwa, ɗaya gilashinta ya yi duhu, ɗayar da ƙyar take ɗaukar zafi.

"Sun tsufa," in ji Baba. "Kamar ni."

Ya ɗauko sababbi daga cikin waɗanda ya daɗe yana tattali. Manyan biyun sai da ya auna su da mita ya tabbatar ƙarfinsu ɗaya, don ya ce idan ɗaya ta fi ɗaya, mai ƙarfin ce za ta ɗau kaya ita kaɗai har ta ƙone. Da ya gama, Ɗan Kwalisa ya kaɗa, ni kaina sai da na ɗaga ƙafa daga keken ɗinki. Baba ya riƙe masa hannu ya ce, "Ɗana, abu ɗaya. Kada ka kuskura ka kunna shi sifika ba ta haɗe. Taransifoma za ta ƙone." Sau biyu ya faɗa, ina ji. Shi kuwa yana gyaran gashinsa a jikin gilashin taga.

Bayan kwana huɗu aka yi wasa da yamma a filin wata makaranta. Gogan ya ga wata ƙatuwar sifika, ya zare wayar tasa don ya jona waccan, surutu ya ɗauke masa hankali, ya kunna akwati a haka. Da bai ji komai ba sai ya ƙure sauti ya yi ta duka. Hayaƙi ya tashi. Maimakon ya ji kunya, sai ya fizge makirfo ya ce wa jama'a, "Ku yi haƙuri, wani tsohon kurma ne ya sace min kwalabe na asali ya sa min na jabu." Har sunan layinmu ya faɗa.

Wallahi ranar da na ji, allura na soka a yatsa ban ma sani ba. Ɓarawo? Mutumin da ke adana wa mutane matattun kwalabensu? Shi kuma kurman da ya ce, baki ne kawai ya jefa, bai san ya taka inda ke ciwo ba. Wata uku teburin Baba ba kowa. Kullum zai buɗe shago, ya share ƙura, ya zauna. Na taɓa leƙowa na gan shi yana ƙyasta yatsa kusa da kunnen dama, yana gwada ko shi ma ya tafi. Wannan ne ban yafe ba, kuma har yau ban yafe ba.

Ɗan Kwalisa ya zaga gari da akwatinsa. Masu gyaran yanzu wayar salula suka iya, suna buɗewa su ga kwalabe su mayar da murfi. Ga ranar ɗaukar waƙarsa ta farko ta matso. Ya dawo, babu ko ban-haƙuri, wai "Likita, a duba min."

Na tsallako titi da almakashi a hannu. Na ce, "Baba, karɓa. Amma don Allah bar masa wutar nan a ciki, ka ce ya sa hannu ya ɗauko maka sukudireba."

Baba ya ce, "Koma shagonki, 'yar nan." Amma na ga gefen bakinsa ya motsa.

Mako guda ya yi yana naɗa wayar taransifoma da hannu. Ranar da aka zo karɓa, ya kira mai aski, da mai walda, da masu jita biyu da suka daina zuwa. Ya ɗaga ƙonanniyar wayar ya nuna musu, ya tambayi masu jitar abin da ke jawo haka. Suka kalli juna, ɗaya ya ce, "Kunnawa ba sifika." Ɗan Kwalisa ya fara kallon takalminsa.

"Kaɗa," in ji Baba.

Ya kaɗa. Sautin ya cika layin, mai walda har da lumshe ido.

Baba ya kashe, ya jira kwalaben suka huce, ya zare su a hankali yana ɗan jijjigawa. Ya jawo akwatin takalmi, ya fito da ƙunshin takarda, ya miƙa wa mai aski ya karanta rubutun da ƙarfi: sunan Ɗan Kwalisa ne da ranar da aka cire su. Sannan ya mayar da tsofaffin guda uku, kowace a raminta.

"Ga na asali da na sace. Kaɗa."

Gwangwanin nan ya dawo, har da tari. Mai aski ya riƙe ciki ya fita waje. Ni kam ban fita ba, a gabansa na yi dariyata.

"Kayanka sun cika," in ji Baba. "Ɗauki."

Sai ga mai girman kai a durƙushe. Ya ce jibi ne ɗaukar waƙar, ya ce ba inda zai samu irinsu, ya ce Baba ya dubi Allah, ya ce zai hau makirfo ya janye maganarsa. Ya daɗe yana magana.

Baba ya naɗe sababbin kwalaben ya sa a aljihu. Ya gyara zama, ya juya masa kunnen hagu, ya ɗauko fensirinsa ya hau fiƙewa.